Labarin Zuciya A Tambayi Wa? Bayani Kan Awon Lantarkin Zuciya Da Gwaje-gwajen Da Ke Rufa Masa Baya



Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana gaskiya ce in ana batun fushi ko murna ko ƙiyayya. Amma in ana batun tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, to fuska ba ta cika faɗin gaskiya ba. Mutum yakan yi shekara goma da hawan jini, zuciyarsa tana ta kauri tana gajiya, fuskarsa kuwa fes da ita. Wani kuma ya zo asibiti a firgice, dafe da ƙirji, alhali zuciyarsa lafiya lau, gyambon ciki ne ke damunsa. Saboda haka likitoci suka daɗe suna neman wanda za su tambaya ban da fuska. Ɗaya daga cikin waɗanda suka samu shi ne awon lantarkin zuciya, wanda a asibiti ake kira I-si-ji.

Na tabbata da yawa daga cikinku an taɓa yi musu wannan awo, ko dai wajen ɗaukar aiki, ko kafin a yi musu tiyata, ko don wani ciwo. Aka miƙo muku takarda mai ƙananan gidaje da zane kamar tafiyar tsutsa, kuka ninke kuka sa aljihu. Wasu suka ɗauke ta takardar yanke hukunci, wasu suka ɗauke ta laya. Abin da nake so in nuna yau shi ne, takardar nan shaida ce, ba alƙali ba. Akwai abin da ta gani da idonta, wanda in ta faɗa ba a musu, akwai kuma abin da ba ta nan aka yi.

Bari mu fara da ita zuciyar. Famfo ce mai ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama karɓar jini suke yi, na ƙasa su ke tura shi, na dama zuwa huhu, na hagu zuwa sauran jiki. Akwai ƙyamare huɗu masu buɗewa ta fuska ɗaya tak, don kada jini ya koma inda ya fito. In baligi yana zaune a natse, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, ta tura jini kamar lita 5. A kwana guda bugun nan yakan kai wajen 100,000.

To, wa ke ba ta umurni? Ba ƙwaƙwalwa ba ce, domin zuciyar kwaɗo takan ci gaba da bugawa bayan an cire ta daga jikinsa. Ƙwaƙwalwa dai tana iya cewa a ƙara sauri ko a rage, amma makaɗin yana cikin gida. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yadda garma hamsin ke sauka lokaci guda saboda ganga ɗaya. Gangar zuciya wani ɗan gungun ƙwayoyi ne a bangon ɗakin sama na dama, wanda wasu Turawan Birtaniya biyu, Keith da Flack, suka gano a 1907. Daga nan ne tartsatsin lantarki ke tashi, ya bazu cikin ɗakunan sama, su matse. Sa'an nan ya iso wata ƙofa da ke tsakanin sama da ƙasa, wadda wani likita mutumin Japan mai suna Tawara ya bayyana a 1906. Mai tsaron ƙofar nan yakan tsare saƙon kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan, don ɗakunan sama su gama juye jininsu, kana ya sake shi ya gangara ta wasu zarurruka zuwa ɗakunan ƙasa, su kuma su matse gaba ɗaya. Da yake jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne mai gishiri, lantarkin nan yakan ratsa har ya iso fata. Sai dai kafin ya iso ya yi rauni ƙwarai, bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba. Batirin tocila ya ninka shi kamar sau 1,500.

Wahalar duka ita ce kama wannan ɗan abu. Wanda ya fara kama shi a jikin mutum shi ne Augustus Waller, a Landan, cikin 1887, da zaiba a cikin siririn bututun gilashi. Yana da wani kare mai suna Jimmy da yakan tsayar da ƙafafunsa cikin kwanonin ruwan gishiri yana nuna wa jama'a bugun zuciyarsa, har a 1909 aka ta da maganar a majalisar dokokin Ingila, wai ko ana zaluntar karen. Amma zanen Waller bai fita sosai ba, shi kansa bai zaci abin zai amfani asibiti ba.

Wanda ya mai da wasan ya zama aiki shi ne Willem Einthoven na jami'ar Leiden a ƙasar Holan. Shi ne a 1895 ya laƙaba wa tuddan zanen haruffan P, Q, R, S, T, waɗanda har gobe da su ake amfani. A farkon shekarun 1900 ya ƙera na'urarsa: wani zare wanda ya fi gashi siranta, an shafe shi da azurfa, an miƙe shi tsakanin manyan maganaɗisu, lantarkin zuciya na ratsa shi yana karkarwa, ana ɗaukar hoton inuwarsa. Nauyin na'urar ya kai kilo 270, mutum biyar ke aiki da ita, majinyaci kuwa sai ya tsoma hannu biyu da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. Tun da ba ta ɗaukuwa zuwa asibiti, sai a 1905 ya haɗa ta da asibitin ta wayar tarho, nisan kilomita ɗaya da rabi. An ba shi kyautar Nobel a 1924. Jikar wannan na'ura yau yaro yana iya ɗaukarta da hannu ɗaya.

Yadda ake awon ba wani abin tsoro ba ne, ko da yake na sha ganin dattijo ya ga wayoyi ya fara salati. Ba a sa wa mutum wuta. Na'urar saurare kawai take yi, ba ta zuba kome a jiki, don haka ba ta cutar da mai ciki ko jariri. Mutum zai kwanta rigingine, a manna masa 'yan faifai goma, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, ya yi shiru kada ya motsa. Mace tana da ikon ta nemi mace 'yar'uwarta ta yi mata. Daga faifan nan goma na'urar ke fitar da layi goma sha biyu, kowanne yana hangen zuciya ta wata kusurwa dabam, kamar a ce mutum goma sha biyu sun kewaye rumbu: in ya tsage ta gabas, na gabas ne zai gani, na yamma ya rantse lafiya lau yake.

Takardar tana tafiya milimita 25 a sakan. Saboda haka kowane ƙaramin gida sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙanana biyar kuwa sakan 0.2. A kowane bugu za ku ga ɗan tudu, shi ne P, watau lantarki na ratsa ɗakunan sama. Sai ɗan fili, lokacin da mai tsaron ƙofa ya tsare saƙo. Daga farkon P zuwa ƙarshen filin bai kamata ya wuce babban gida ɗaya ba. Sai wani tsini mai tsawo, QRS, lantarki ya shiga ɗakunan ƙasa. Daga baya sai tudu mai faɗi, T, tsoka na komawa daidai tana shirin bugu na gaba. Ga wani ɗan lissafi da kowa zai iya: ƙidaya manyan gidaje tsakanin tsini da tsini, ka raba 300 da abin da ka samu. In huɗu ne, zuciya na buga 75 a minti.

Yanzu sai mu zo ga abin da shaidar nan ta gani da idonta. Na farko shi ne tsarin kiɗan. A nan ba ta da na biyu. Akwai ciwon da ɗakunan sama ke daina bin ganga ɗaya, kowane lungu ya kama nasa kiɗan, sai su riƙa makyarkyata maimakon matsewa. A takarda sai a nemi P a rasa, tsinayen kuma su zo ba tsari, wani kusa wani nesa. Thomas Lewis na Landan ya bayyana shi tun 1909. Haɗarinsa shi ne jini yakan kwanta ya daskare a ɗakin sama na hagu, gudan ya ɓalle ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo ya fi waninsa haɗarin shanyewar ɓarin jiki kamar sau biyar, alhali kuwa akwai maganin tsinka jini da ke rage haɗarin ƙwarai. Akwai kuma tsohon da ke yawan faɗuwa sumamme, a ce iska ce ko farfaɗiya, ashe mai tsaron ƙofa ne ya rufe ta ruf, ɗakunan ƙasa suna lallaɓawa da bugu 30 ko 40 a minti. Takarda ɗaya ta isa ta nuna haka, maganinsa kuwa ɗan batiri ne da ake dasawa a ƙarƙashin fata.

Na biyu shi ne toshewar jijiyar zuciya. Zuciya ba ta cin jinin da ke cikin ɗakunanta, tana da nata jijiyoyin da ke kwance a bayanta suna ciyar da ita. Kitse yakan taru a bangonsu shekara da shekaru, ran nan ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Tsokar da ke gaba sai ta fara mutuwa. Wannan ne jama'a ke kira bugun zuciya, sunan da ke rikitar da mutane, domin mai lafiya ma zuciyarsa bugawa take yi. James Herrick na Shikago ya nuna a 1912 cewa ana iya gane ciwon tun mutum na da rai, Harold Pardee na Niyok kuma a 1920 ya nuna alamarsa a takarda: layin da ke tsakanin S da T, wanda ya kamata ya kwanta, sai ya ɗaga sama. Layukan da suka ɗaga su ke nuna bangon da ya ciwu. Ƙa'idar da likitocin zuciya ke bi ita ce, wanda ya zo da ciwon ƙirji a yi masa awon nan cikin minti goma da isowarsa, domin akwai allurar narkar da gudan jini, akwai kuma buɗe jijiyar da bututu, amma amfaninsu yana cikin sa'o'in farko. Tsokar da ta mutu ba ta dawowa.

A nan zan ɗan tsaya saboda ma'aikata. Dā ana cewa wannan ciwon Turawa ne. Zaman kujera, da mota, da taba, da ƙiba, da ciwon sukari, da hawan jini sun kawo mana shi har gida. In mutum ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an aza masa buhu, yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, ga tashin zuciya, ya fi minti goma sha biyar bai sake shi ba, kada ya tsaya shan kanwa ko maganin gyambon ciki yana jiran gari ya waye. Masu ciwon sukari da tsofaffi da mata kuwa wani lokaci ba sa jin ciwon sosai, sai haki da kasala kurum.

Har wa yau takardar takan tona asirin abin da ba na zuciya ba. In ƙoda ta gaza, gishirin fotasiyam ya yi yawa a jini, T yakan yi tsini kamar hular dara ta tsaya. Wasu magunguna kuma, ciki har da kwinin da kulorakwin na zazzaɓin cizon sauro, sukan jinkirta komawar tsoka daidai, in abin ya yi yawa kiɗan ya rikice.

To, ina inda ba ta nan aka yi? Ku tuna awon duka sakan goma ne. Wanda ya leƙa kasuwa na sakan goma bai isa ya ba da labarin cinikin yini ba. Mutumin da jijiyarsa ta ƙuntata amma ba ta toshe ba, wanda ƙirjinsa ke ciwo in ya hau bene ya lafa in ya zauna, sau da yawa takardarsa tana fita tsaf, domin a kwance aka auna shi. Kai, ko cikin waɗanda jijiyar ta riga ta ciwu, kusan rabinsu takardar farko ba ta yanke magana. Shi ya sa ake maimaitawa, a kuma ɗebi jini a nemi wani sinadari mai suna turoponin, wanda ke cikin tsokar zuciya, ba ya yawaita a jini sai ta ji rauni. Tun shekarar 2000 wannan gwaji ya zama ginshiƙin tabbatar da ciwon. Saboda haka wanda aka ce ya kwana a asibiti alhali takardarsa ta yi kyau, kada ya ce ana neman kuɗinsa ne.

Shaidar kuma takan yi ƙazafi. Ma'aunin da aka fara kafawa a jikin Turawa aka ɗauke shi. Tun 1954 wani likita mai suna Grusin a Afirka ta Kudu ya nuna cewa baƙar fata masu ƙoshin lafiya da yawa suna da layin S zuwa T a ɗage, ko T a kife, ba tare da wani ciwo ba. Saurayi siriri kuma tsininsa yakan yi tsawo don kawai ƙirjinsa ba kitse. Na'urorin yanzu sukan buga nasu ra'ayin a saman takarda, ra'ayin nan kuwa ba fatawa ba ne. An taɓa kawo mini wani saurayi da aka dakatar da ɗaukarsa aiki saboda na'ura ta rubuta cewa ya taɓa samun toshewar jijiya. Ya yi mako biyu ba ya barci, mahaifiyarsa har ta fara sadaka. Da na duba, sai na ga an musanya wayar hannun dama da ta hagu. Aka sake awo, magana ta mutu. Takardar da likita bai karanta ba, bai kuma haɗa ta da bayanin mai ita ba, ba ta isa a hana mutum abincinsa ba.

Don cike wannan giɓi ne aka ƙago sauran gwaje-gwajen. Mai faɗuwar gaba da ke zuwa ta wuce kafin ya iso asibiti, akan rataya masa 'yar na'ura ya tafi da ita gida kwana ɗaya ko biyu tana rubuta kowane bugu. Sunan wanda ya ƙago ta take ci, Norman Holter na Amurka, wanda tasa ta farko goya ta ake yi, kilo 38. Mai ciwon hawan bene kuwa akan ɗora shi kan bel mai tafiya, ana ƙara sauri da tudu kowane minti uku bisa tsarin da Robert Bruce ya fitar a 1963, ana duban takarda, don a kama zuciya tana cikin aiki.

Amma gwajin da ya fi muhimmanci a ƙasarmu shi ne eko, watau hoton amsa-kuwwa. I-si-ji lantarki yake gani, ba ya ganin ƙarfin famfo ko lafiyar ƙyaure. Eko kuwa, wanda Edler da Hertz suka fara a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953, sauti ne da kunne ba ya ji ake aikawa cikin ƙirji, ya bugi bangon zuciya ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto mai motsi, irin wanda ake yi wa masu ciki. A nan gani ya kori ji. Ana auna kaurin bango, da faɗin ɗaki, da yawan jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu, wanda ga mai lafiya ya fi rabin abin da ke cikinsa.

Na ce ya fi muhimmanci ne domin cututtukan da suka fi cika gadajenmu nasa ne. Hawan jini yakan sa bango ya yi kauri, daga baya ya saki. Sai ciwon ƙyamare, wanda ke farawa da ciwon maƙogwaro na yara da ba a yi wa magani ba, sai ciwon gaɓoɓi, bayan shekaru kuma ƙyaure ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo. Da allurar fenisilin ta shiga da wuri, da ba a kai nan ba. Sai kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda ƙasar Hausa na cikin inda ta fi yawa a duniya. Mace ta haihu lafiya, kafin arba'in ko bayanta ta kama haki, ƙafafu su kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Davidson da Parry sun yi nazarinta a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta ta da kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan jego, da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba, domin an sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Ko mene ne tushensa, takardar irin wannan mace ba ta cika nuna wani abu takamaimai ba ban da sauri, eko ne ke nuna ɗakin hagu ya buɗe yana matsewa da ƙyar. Abin takaici, na'urar da masu iya aiki da ita sun taru a manyan birane, masu jegon kuwa suna ƙauye. A ganina, da za a tambaye ni inda hukuma za ta fara sa kuɗi, nan zan nuna.

Gwaji na ƙarshe shi ne shiga cikin zuciyar kanta. A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka zuwa ɗakin hoto ya ɗauka don ya kafa hujja. Faɗa ya sha a lokacin, amma a 1956 ya sami rabonsa na kyautar Nobel. Yau ta wuyan hannu ko matsematsi ake zura bututun, a fesa ruwan da ke fita a hoto cikin jijiyoyin zuciya, a ga daidai inda hanya ta ƙuntata, sau da yawa a buɗe ta nan take. Yana da tsada, yana da ɗan haɗari, ba a yinsa sai sauran shaidu sun nuna akwai dalili.

Saura abu ɗaya game da takardar da kuka ninke kuka sa aljihu. Kada ku yar da ita, ko da an ce lafiya lau. Likita yakan ga wani ɗan karkace a sabuwar takarda ya rasa ko na jiya ne ko da shi aka haifi mutum, ba abin da zai raba gardamar sai tsohuwar. Sai dai yawancin takardun nan zafi ne ke rubutu a kansu ba tawada ba, don haka rana da zafin aljihun mota sukan goge su cikin 'yan watanni. A yi mata kwafi ko a ɗauki hotonta da waya, a rubuta suna da kwanan wata, a ajiye tare da katin asibiti da sunayen magungunan da ake sha, a riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita.